Wutar Makirufon Kwandensa da Zaɓen Firiyam a Situdiyon Gida

Makirufon kwandensa ba ya fitar da sauti sai an ba shi wuta. Wannan ne ya raba shi da na dainamik, irin Shure SM58 da ake riƙewa a hannu a wurin taro, wanda da zarar an jona shi ya kama aiki. A cikin na dainamik akwai maganaɗisu da naɗin siririyar waya, murya ta girgiza naɗin, 'yar wuta ta samu da kanta. Shi kuwa kwandensa tantani ne na roba, kaurinsa maikiron 3 zuwa 6, wato kashi 3 zuwa 6 cikin dubu na milimita, an shafe shi da ruwan zinariya, an ɗame shi kamar fatar kalangu a gaban wani farantin tagulla mai ƙananan huji. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan aka ɗora caji a tsakanin tantanin da farantin, duk motsin da murya ta sa tantanin ya yi sai ya sauya ƙarfin wutar da ke tsakaninsu, wannan sauyin shi ne siginar sauti.

Siginar da ta fito daga nan ba ta da ƙarfin bin doguwar waya, ko taku ɗaya. Don haka ake ɗaura mata ƙaramin tiransisto a bayan tantanin, cikin jikin makirufon, ya tallafe ta har ta isa inda za a karɓe ta. Ashe aikin wutar biyu ne: cajin tantani da ciyar da tiransisto. Akwai nau'in da ake kira ilektiret, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙera a Bell Labs ta Amurka a 1962. Shi cajinsa na dindindin ne, tun daga masana'anta aka dasa masa. Audio-Technica AT2020, wanda ya cika ƙananan situdiyoyi, irin wannan ne. Duk da haka tiransistonsa na bukatar wuta, saboda haka shi ma bai tsira ba.

E. C. Wente ne ya fara ƙera makirufon kwandensa a kamfanin Western Electric a 1916, Georg Neumann kuma ya fara sayar da nasa a Balin a 1928. Na wancan zamanin duk masu bawul ne, wato kwalbar lantarki mai ƙarfafa sigina, kowanne da akwatin wutarsa mai nauyi da waya mai jijiyoyi da yawa. Da tiransisto ya zo, bukatar wuta ta ragu ƙwarai, aka shiga neman hanyar aika ta ta cikin wayar sauti ta yau da kullum. A 1966 gidan rediyon ƙasar Norwe da ke Oslo ya nemi makirufon da ba ya bukatar akwati na daban. Gidan yana da layin wuta na bolt 48 da ke kunna fitilun ko-ta-kwana, sai kamfanin Neumann ya gina tsarinsa a kan wannan adadi, ya fito da KM 84. Tsarin ya shiga ƙa'idar Jamus ta DIN 45596, daga baya ya zama na duniya a IEC 61938. Shi ne ake kira wutar fantom, shi ne kuma maɓallin da aka rubuta wa 48V a jikin miksa ko intafes, na'urar da 'yan situdiyo suka fi sani da sawun kad.

Yadda wutar take tafiya

Kan wayar XLR ƙafa uku ne. Ƙafa ta 1 tana haɗe da ragar ƙarfen da ta lulluɓe wayar, ita ce ƙasa. Ta 2 da ta 3 su ke ɗaukar sauti, ɗaya kishiyar ɗaya: idan sigina ta hau a ta 2, ta sauka a ta 3. Na'urar da ke karɓa bambancin da ke tsakanin ƙafafun biyu kawai take saurare. Duk hayaniyar da wayar ta kwaso a hanya tana shiga jijiyoyin biyu daidai wa daida, don haka ba ta da bambanci, sai ta ɓace.

Wutar fantom ta wannan ƙofar ta shigo. Ana ɗora bolt 48 na miƙaƙƙiyar wuta, irin ta batir, a ƙafa ta 2 da ta 3 lokaci guda, kowacce ta cikin resista mai om 6,800, ta komo ta ƙafa ta 1. Tun da ƙafafun biyu wuta ɗaya suke ɗauke da ita, babu bambanci a tsakaninsu, sauti bai san da ita ba. Makirufon dainamik, wanda naɗinsa ke tsakanin ta 2 da ta 3, shi ma bai san da ita ba. Wannan ya sa SM58 mai lafiya a kan waya mai lafiya ba ya samun ko ƙwarzane don an kunna 48V. Sharaɗin shi ne resistocin biyu su yi daidai da juna matuƙa, in ba haka ba daidaiton ya rushe, hayaniya ta samu kafa.

Ƙa'idar ta yarda wutar ta kasance tsakanin bolt 44 da 52, makirufo kuma kada ya ja fiye da miliyam 10 (miliyam shi ne ma'aunin yawan wutar da ake ja). Neumann U 87 Ai bai kai miliyam 1 ba, AT2020 kimanin 2, AKG C414 na yanzu tsakanin 4 da 5, wasu na Earthworks kuwa sukan cinye goman duka. Akwai ƙannen tsarin, na bolt 24 da na bolt 12, waɗanda ake samu a ƙananan rakodoji irin Zoom H5 da H6 don tattalin batir. Wasu makirufon suna karɓar ko wanne, Rode NT1-A misali yana aiki da 24 ko 48. Wasu kuwa idan aka ba su ƙasa da 48 za su yi magana, amma murya ta yi sanyi, huci ya ƙaru, sauti ya riƙa tsagewa tun ƙara ba ta kai ko'ina ba. Wannan larura tana da wuyar ganewa domin makirufon bai mutu ba, sai a ɗora masa laifi alhali yunwa ce take damunsa.

Mita ta ma'aikacin lantarki ta isa ta warware shakka. A cire makirufo, a kunna 48V, a juya mita zuwa awon miƙaƙƙiyar wuta. Tsakanin rami na 1 da na 2 a ga 44 zuwa 52, tsakanin na 1 da na 3 a ga adadi ɗaya da wancan, tsakanin na 2 da na 3 kuma sifili. Akwai awo na biyu da ya fi tona asiri: a juya mita zuwa miliyam, a taɓa rami na 2 da na 1 na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ga kimanin 7. Na'urar da ta nuna bolt 48 a fili amma ta kasa ba da wannan, za ta durƙushe da zarar makirufo mai ci ya hau kanta. Kada kuma a firgita idan aka auna ana cikin aiki aka ga wutar ta sauka. Makirufon da ke jan miliyam 4 yana zubar da kusan bolt 14 a kan resistocin, ya ga kimanin 34 a ƙafafunsa, kuma da sanin haka aka ƙera shi. Da yawansu suna da ɗan da'irar da ke ɗaga wutar a ciki zuwa bolt 60 ko fiye don cajin tantani.

Wutar da ba fantom ba

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin kan waya yakan yi kama alhali wutar daban take. Ramin makirufo na kwamfuta, na kyamara da na waya, mai faɗin milimita 3.5, yana ba da 'yar wuta ta bolt 2 zuwa 5 a kan jijiyar sauti. An yi ta ne don ƙananan ilektiret irin na maƙalawa a riga. Ba za ta tayar da makirufon situdiyo ba, haka nan idan aka sa wa na rigar mahaɗar XLR ta banza aka tura masa 48, yana iya ƙonewa nan take. Akwai mahaɗa ta musamman mai rage 48 zuwa ƙaramar wuta, irin Rode VXLR+, ita ce daidai da wannan aiki.

Makirufon nan mai araha da ake kira BM-800, wanda yakan zo a kwali ɗaya da ƙaramin akwatin V8, yana tsakanin gida biyu. A gindinsa XLR ne, amma wayar da ke zuwa da shi ƙarshenta 3.5 ne, ba ta da daidaito. A cikinsa ƙaramin ilektiret ne, kuma yawancin akwatunan V8 ba su da bolt 48. Idan aka samo masa wayar XLR ta gaske aka jona shi a intafes mai fantom, yakan fi ƙarfi da tsabta. Amma jikinsa babba bai sa shi zama babban kwandensa ba, kuma babu firiyam, wato da'irar da ke ɗaga siginar makirufo, da zai cire masa hucin da aka haife shi da shi.

A kasuwar gwanjo ana cin karo da tsofaffin makirufon fim na Sennheiser masu harafin T a ƙarshen lamba, kamar MKH 416 T. Su wutarsu bolt 12 ce, kuma tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 take, wato akasin fantom. Ba sa aiki da 48V sai da mahaɗarsu, akwatin wutarsu kuma yana iya lalata dainamik. Makirufo mai bawul yana zuwa da akwatinsa da wayarsa mai ƙafa biyar ko bakwai, ba ya bukatar fantom, yana dai son a bar shi ya ɗumama na minti goma sha biyar ko fiye. Wasu, kamar Rode NTG2, suna karɓar batir a ciki, abin da ke da amfani ga mai fita ɗaukar hira a ƙauye. Na USB kuwa komai nasa a ciki yake, ba a jona shi da firiyam.

Jonawa da cirewa

Tsarin bai da tsawo, amma bin sa yana kare sifika, da kunne, da makirufo. A sauke ƙarar sifika da ta hedifon, a murɗe makunnin da aka rubuta wa Gain zuwa ƙasa, a tabbata 48V a kashe yake. Sannan a jona wayar a makirufo da intafes, a kunna 48V, a jira daƙiƙa goma wutar ta zauna, sai a fara ɗaga ƙara. Wajen cirewa a juya tsarin: a sauke ƙara, a kashe 48V, a jira rabin minti cajin da ya taru a ciki ya tsiyaye, sannan a zare. Ƙarar "ɗas" da ake ji idan aka zare waya da wuta a kai tana iya kashe ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Makirufon ribin na bukatar a tsaya a kansa. Shi zirin alminiyam ne, siriri ainun, a rataye tsakanin maganaɗisu biyu, kamar Coles 4038 ko Royer R-121. A kan waya mai lafiya fantom ba ta isa gare shi. Amma idan an juya ƙafa ta 1 da wata wajen liƙa dalma, ko wata jijiya ta tsinke ta taɓa raga, ko aka bi da shi ta kan jak mai zobe, wanda yake gogar mahaɗai ɗaya bayan ɗaya yayin shigarsa, wutar za ta faɗa wa zirin ta miƙar da shi ko ta tsinka shi. Ƙa'idar da ta fi kwanciyar hankali ita ce kada a kunna masa sam, sai fa irin Royer R-122 mai da'ira a ciki, wanda shi ma fantom ke ciyar da shi. Matsalar ita ce ƙananan intafes da yawa, har da Focusrite Scarlett 2i2, maɓalli ɗaya ne ke ba ramuka biyu wuta. Wanda ke shirin haɗa kwandensa da ribin ya nemi mai maɓalli a kowane rami, irin Audient iD14.

Haka ma kada a tura fantom cikin bakin fitar sauti na piyano, na kwamfuta, na waya ko na wata miksa ta wayar da aka yi wa kan XLR a gefe ɗaya. Ba duka aka gina su su jure wuta daga waje ba. A bi da su ta ramin jak, ko ta akwatin DI mai taransifoma.

Wutar gida, ƙura da laima

Intafes da ke cin wuta daga USB bolt 5 kawai yake samu, miliyam 500 a USB 2.0, 900 a USB 3.0, daga ciki yake ƙirƙiro 48. Na kamfanonin kirki suna yin haka lafiya. Amma doguwar wayar USB mara kyau, ko ramin kwamfutar da aka raba wa na'urori huɗu, ko wayar salula da aka jona ta OTG, suna iya kasa ciyar da shi. Alamar ita ce yana ɗaukewa da zarar an danna 48V, ko a ji siririn fito a bayan murya. Maganin gajeruwar waya mai kauri, ko mahaɗar USB mai nata cajin.

Wutar gari a Nijeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, don haka gunjin da ke shiga rakodi a 50 yake, da 100, da 150. Gwajin farko a zare cajar laftof. Idan gunjin ya ɗauke, to hanyar ƙasa ce ta zama biyu, ko cajar ce mai datti. A haɗa duk kayan situdiyo a soket guda, nesa da layin firiji, fanka da famfon ruwa, a kuma raba wayar makirufo da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna maimakon su jera. Janareta ƙarami da inbata mara tsabtar wuta suna saka zuza a sauti, don haka mai sayen inbata don situdiyo ya nemi wadda wutarta take santsi irin ta gari. Sau da yawa rakodi mafi tsabta shi ne wanda aka ɗauka laftof na kan batirinta, intafes na ci daga gare ta, an kashe komai.

Fantom ba ta yi wa mutum lahani, domin resistocin nan ba sa barin fiye da miliyam 14 ya wuce. Idan leɓe ya taɓa makirufo aka ji ja, ba ita ba ce, wutar gari ce ke yoyo a gidan da ba shi da wayar ƙasa ta gaske. Wannan aikin ma'aikacin lantarki ne, kuma ba a jinkirta shi. Karya ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe gunji sayen haɗari ne da rai. Kayan da aka yi don Amurka kuma bolt 120 suke ci, a karanta bayansu kafin a cusa su a 230.

Tantani mai caji yana jawo ƙura. A hunturu ƙurar na kwanciya a kansa, damina ta zo ƙurar ta sha laima, caji ya fara zurarewa ta cikinta. Sai a ji tartsatsi da ƙuƙumi, ko murya ta dushe bayan mawaƙi ya yi numfashi a kusa. Mutane da yawa sukan zargi firiyam, alhali laima ce. A ajiye makirufon kwana ɗaya ko biyu a rufaffen akwati da ƙullin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi. A kullum a sa ragar tare iska a gabansa, idan an gama aiki a rufe shi da jaka. Al'adar hura makirufo ko buga shi da yatsa don a ji ko yana aiki, a bar wa na wurin biki. Kwandensa magana ake yi masa.

Aikin firiyam

Abin da ke fitowa daga makirufo milibolt ne, wato kashi cikin dubu na bolt. Kayan situdiyo kuwa suna aiki ne a matakin layi, bolt 1.23, wanda ake rubutawa +4 dBu. Firiyam shi ne da'irar farko da ke ɗaga siginar daga can zuwa nan, kuma a yawancin kaya shi ne mai ba da fantom. Ana auna ƙarin da desibel: 6 ninki biyu ne, 20 ninki goma, 40 ninki ɗari, 60 ninki dubu. Kowane intafes mai ramin XLR yana da firiyam a ciki. Tambayar mai situdiyon gida ita ce ko na cikin ya isa.

Abin dubawa na farko shi ne yawan ƙari, lissafinsa kuma yana cikin takardar makirufo. Rode NT1-A yana ba da milibolt 25 a ƙarar desibel 94, kimanin ta mawaƙin da ya buɗe murya a kusa. Daga 25 zuwa 1,230 ninki 49 ne, desibel 34 ke nan. Mai karatu a natse, tazarar ɗani daga makirufo, zai bukaci 45 zuwa 50. Shure SM7B, wanda dainamik ne, milibolt 1.12 yake bayarwa a wannan ƙarar, shi ya sa kamfaninsa ke ba da shawarar desibel 60. Tsakanin su biyun akwai desibel 27, kuma wannan tazarar ce ke bayyana yawancin ƙorafin da ake yi da ƙananan intafes. Scarlett 2i2 na ƙarni na uku iyakar makunninsa desibel 56, na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69. Ga kwandensa ko wanne ya wadatar har da saura. Ga SM7B ko ribin, na ukun sai an murɗe shi ƙarshe. A nan ne ƙananan na'urori irin Cloudlifter CL-1 da FetHead suke da amfani: suna cin fantom su ƙara desibel 25 zuwa 27 kafin sigina ta isa firiyam. Na asalinsu ba sa wuce da wutar gaba, don haka kwandensa ba ya aiki a bayansu, kuma dama ba ya bukatarsu.

Na biyu shi ne huci. Ana rubuta na firiyam da EIN, kuma adadin mai ragi ne, gwargwadon nisansa daga sifili gwargwadon shirunsa. Resista mai om 150 ita kanta, saboda zafi kawai, tana da hucin kimanin -131 dBu, babu firiyam da zai sauka ƙasa da haka. Intafes na kirki na yau yana kusa da -128, wato desibel uku kacal daga iyakar da halitta ta gindaya. A gefe guda, AT2020 yana da hucin kansa na desibel 20, wanda a bakin wayarsa ya kama kusan -109 dBu. Hucin makirufon ya rufe na firiyam da kusan desibel 20. Ko NT1-A, mai hucin desibel 5, yana wajen -119, har yanzu sama da na firiyam. Ɗakin gida kuwa ko da tsakar dare da wuya ya sauka ƙasa da desibel 25. Wanda ke da kwandensa ya ji huci, ya fara duba ɗaki, wuta da waya. Sayen firiyam mai tsada don kashe wannan hucin zubar da kuɗi ne.

Na uku shi ne juriyar ƙara, kuma ga kwandensa ya fi huci muhimmanci. Daf da bakin kakaki ko algaita, ko kusa da fatar ganga, ƙara na iya kai desibel 130. A nan NT1-A zai fitar da fiye da bolt ɗaya da rabi, ya wuce matakin layi tun kafin a ƙara masa komai. Firiyam da bakinsa ba ya jure haka zai tsage ko da makunni na ƙasa. A duba iyakar abin da yake karɓa, a kuma nemi maɓallin Pad, mai rage desibel 10 ko 20, a jikin makirufo ko a firiyam. Matsar da makirufo baya shi ma magani ne, sau da yawa ma sautin ya fi daɗi. Maɓallin yanke ƙasa a zagaye 80 yana kawar da rugugin mota da taku, murya ba ta rasa komai.

Batun om bai da tsawo. Makirufo yakan kasance om 50 zuwa 200, bakin firiyam ya ninka haka aƙalla sau biyar zuwa goma, yawanci 1,500 zuwa 3,000. Kusan duk na zamani haka suke. Firiyam mai makunnin sauya om yana canza launin dainamik da ribin, ga kwandensa kuwa a bar shi a sama.

Saura launi, wanda shi ne ainihin abin da ake saye a firiyam na waje. Neve 1073, da Rupert Neve ya fitar a Ingila a 1970, yana da taransifoma a shiga da fita da ƙarin desibel 80. Idan aka matsa masa yana ƙara wa murya kauri da ɗan zaƙi. API 512c na Amurka ya fi kaifi da naushi, ana son sa a kan ganguna. Akwai masu kwaikwayon 1073 da rahusa, kamar Warm Audio WA73 da Golden Age Pre-73. Bambancin gaskiya ne, amma siriri ne idan aka gwada shi da abin da sauya makirufo, ko matsar da shi ɗani ɗaya, ko rataya barguna a bango zai yi. Ƙananan akwatunan araha masu bawul 12AX7 guda ɗaya sukan ba bawul ɗin wuta kaɗan, nesa da bolt ɗari biyu ko fiye da yake so, don haka abin da suke bayarwa dishi-dishi ne, ba kaurin tsofaffin kaya ba. Firiyam na cikin intafes mai kyau ya fi yawancinsu tsabta.

Mai karatun Alƙur'ani, mai karanta littafi, mai shirin hira, da mawaƙin da ke ɗora murya a kan kiɗan kwamfuta, intafes mai rami ɗaya ko biyu, mai fantom cikakkiya, ƙarin desibel 55 ko fiye da EIN kusa da -128 ya ishe su shekaru. Mai ɗaukar gurmi ko goge tare da murya yana bukatar rami biyu. Mai ɗaukar rukunin makaɗa ya nemi huɗu ko takwas, mai nasa fulogi, domin USB ba za ta ciyar da kwandensa da yawa ba. Firiyam na waje yana zuwa ne bayan ɗaki ya gyaru, makirufo ya yi kyau, kunne kuma ya san launin da yake nema. Wajen saye, a kasuwar Alaba ta Legas ne ko a Sabon Gari ta Kano, a tafi da makirufo, hedifon da mita. A auna ramukan, a murɗa makunni daga ƙasa har sama a saurari ƙarzo-ƙarzo, domin jabu na kayan da suka yi suna yana yawo.

Idan an sayi na waje, fitarsa ta shiga ramin layi na intafes ta jak mai zobe, ba ramin makirufo ba, fantom kuma daga shi na wajen za ta fito, ta intafes a kashe.

Saita ƙari

A sa manhajar ɗauka a kan bit 24. A ce wa mai murya ya yi wurin da ya fi ɗaga sauti, da gaske, ba gwaji na kunya ba, a ɗaga makunni har allura ta riƙa yawo wajen -18, ƙololuwarta ta tsaya tsakanin -12 da -6. Sifili a wannan ma'auni rufi ne, abin da ya taɓa shi ya tsage, kuma ba ya gyaruwa. Bit 16 faɗinsa desibel 96 ne, shi ya sa a da ake matsa sigina sama. Bit 24 a lissafi 144 ne, don haka barin sarari ba ya jawo huci. Mawaƙi yakan ƙara ƙarfi idan waƙa ta ratsa shi, saboda haka bayan gwaji a sauke makunnin kaɗan. Idan mai murya ya ce ba ya jin kansa, makunnin hedifon ake ɗagawa, na firiyam a bar shi inda aka saita shi har a gama ɗauka.